Man Kaɗe da Yis: Tsokaci Daga Madekali Kan Tallafin Bincike Bayan Digiri na Uku

Gabatarwa

Kalmar "mai" gaɓa ɗaya ce tak, amma kayan da ta ɗauka a harshen Hausa suna da yawa. Muna da man gyaɗa da man riɗi da man ja da man angurya da man darbejiya da man shanu da man kaɗe. Idan ya daskare a jikin dabba sai mu ce kitse, idan kuwa ya taso a saman miya ko ya liƙe a tafin hannu sai mu ce maiƙo. Daga nan kalmar ta tsallaka fagen azanci, har ake cewa wane ya samu kujera mai maiƙo, kowa kuma ya san ba miya ake nufi ba. Masana kimiyya sun tattara waɗannan abubuwa duka a gida ɗaya suna kiran su lifid. Ni a wannan rubutu zan riƙa ce musu dangin mai.

Ni malamar jami'a ce a arewacin Nijeriya, fannina kuwa shi ne nazarin sinadaran da ke cikin jikin halittu, musamman yadda tsiro ke ƙera mai ya adana shi a cikin ƙwayarsa. Abin da nake so in tattauna da ɗaliban Hausa shi ne wani ɗan zango na rayuwar mai bincike wanda ba a cika zancensa a wajenmu ba: shekara biyu ko uku da ke biyo bayan digiri na uku, da kuma kuɗin da ke riƙe mutum a cikinsu. A ganina, a wannan zango ne ake tantance wanda zai riƙe ilimin man da ƙasarmu ke fitarwa, ko 'ya'yan masu sarrafa shi, ko wasu can da ba su taɓa zama a inuwar kaɗanya ba.

Madekali da Manta

Dangin mahaifiyata mutanen Madekali ne. Madekali ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil a jihar Alibori, can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin. Sauran su ne Malanbil ɗin kanta da Garu da Gene da Tumbutu. Kogin Kwara ne ya raba Malanbil da Gaya ta Nijar, gada kuma ta haɗa su. Ta gabas kuwa, daga Madekali zuwa Lolo ta jihar Kebbi tafiya ce ta kusa. Ƙasar Dandi ke nan, inda Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa suka daɗe suna cuɗanya, ana noman shinkafa da albasa a fadama, gero da dawa da gyaɗa a tudu. Ɗalibin karin harshe zai so ya ji cewa Hausar da ake yi a can ta yamma ce. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, can gujiya ne. Abin da yake kira gurjiya, can kwaruru ne. Kaɗanya kuma kaɗe ce.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Malanbil, wadda tana cikin manyan kasuwannin Benin, zai ga mai iri biyu a gaban mata masu sayarwa: man gujiya yana ƙyalli a kwalba, man kaɗe kuma a daskare cikin ƙwarya ko roba. Rana ɗaya ce ke dukansu, amma ɗaya ruwa ne, ɗaya curi. Tun ina ƙarama wannan bambanci yake ɗaure mini kai, kuma kusan shi ne ya ja ni zuwa fannin da nake ciki.

Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi shekaru tana sana'ar man kaɗe. Da farkon damina ake tsinto 'ya'yan da suka faɗo da kansu, a shanye naman, a tara ƙwallon. Daga nan sai a dafa shi, a shanya, a fasa a fitar da ƙwara, a daka, a soya, a niƙa, a zuba ruwa a yi ta bugu da hannu har farin mai ya taso, a kwashe a tafasa, a tace, a bari ya huce. A cikin wannan jerin aiki akwai mataki ɗaya da Inna ba ta yarda a yi masa jinkiri, wato dafa ƙwallo. Wata shekara da na je hutu, bayan na riga na fara koyarwa, na tambaye ta dalili.

"Ɗiyata," in ji ta, "ƙwallon kaɗe rai gare shi. In kika bar shi a tare cikin laima, sai ya yi niyyar tsira, ya fara cin mansa. Man da za ki samu bayan nan ɗaci gare shi, kuma mai saye ba ya komowa."

Na ce, "Inna, wannan da kika faɗa shi ne darasin da nake koyarwa a aji uku."

Ta yi dariya ta ce, "To ku me kuka ƙara a kai?"

Tambayar tana da nauyi, domin bayanin Inna daidai yake ciki da waje. Ƙwayar kaɗanya ba ta jure ajiya, da wuri take tsira. Idan ta fara, wani sinadari mai suna lifes yakan farka ya shiga warware man domin ciyar da ɗan tsiro. Gutsattsarin da ya warware su ne ke kawo ɗaci, kuma su ne manyan 'yan kasuwa ke aunawa kafin su yanke farashi. Tafasa tana kashe ƙwayar, ta kashe sinadarin. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne sunan mai laifin, da hanyar auna ɓarnarsa, da kuma damar tambayar abin da ke gaba: me ya sa man wannan bishiya ya fi na waccan tauri, kuma wace ƙwayar gado ce ke da alhakin hakan?

Yadda Tsiro Ke Ƙera Mai

Man da ke cikin kowace ƙwayar tsiro ginin abu biyu ne. Akwai wani ɗan ginshiƙi da ake kira giliserol, mai maratayi uku, sannan akwai sarƙoƙin mai guda uku da ake rataya masa. Kowace sarƙa jerin ƙwayoyin kabon ce, galibi 16 ko 18. Guda uku daga cikin masu 18 su suka fi shafar zancenmu. Ta farko ita ce sitiyarik, miƙaƙƙiya sambal kamar karan dawa. Ta biyu oleyik, mai lanƙwasa ɗaya a tsakiya. Ta uku linoleyik, mai lanƙwasa biyu.

Wanda ya taɓa ɗaure dami ya san miƙaƙƙun kara sun fi haɗuwa su matse, karkatattu kuwa kowanne yana ture ɗan'uwansa. Haka abin yake a nan. Sitiyarik zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69 a ma'aunin Selsiyos, oleyik kuwa tun a wajen digiri 13 ta zama ruwa. Man kaɗe kusan dukansa sitiyarik ne da oleyik, shi ya sa yake daskarewa a ƙwarya amma ya narke a kan fatar mutum. Man gyaɗa yawancinsa oleyik ne da linoleyik, shi ya sa yake zama ruwa. Linoleyik kuma, saboda lanƙwasarta biyu, ta fi saurin kamuwa da iska ta lalace, abin da ke sa tsohon mai da tsohon ƙuli-ƙuli su juya su yi wari.

Tsiro yana yin wannan aiki a maƙera biyu cikin kowane ɗakin halitta na ƙwayarsa. A ta farko ake ƙera sarƙoƙin, ana ƙara kabon biyu-biyu. A ta biyu ake rataya su a jikin giliserol ɗaya bayan ɗaya, hanyar da ake jingina wa masanin nan na Amurka Eugene Kennedy, wanda ya yi aiki a kanta tun shekarun 1950. Kowane mataki yana da ma'aikacinsa, wato inzayim, kowane inzayim kuma yana da ƙwayar gado da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Akwai wanda aikinsa kawai shi ne ƙara lanƙwasa ta biyu, ya mayar da oleyik linoleyik, ana kiran ƙwayar gadonsa FAD2.

Sanin wannan ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne kawai. A 1987 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka bayyana wata gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100 na manta oleyik ne. Daga baya aka gano cewa FAD2 ɗinta ce ta samu naƙasa. Daga wannan gyaɗa aka fitar da iri mai suna SunOleic 95R a 1995, wanda mansa ke daɗewa ƙwarai bai lalace ba. A ƙasar da ake soya ƙosai da awara da mai ɗaya tun safe, ake kuma ajiye ƙuli-ƙuli wata da watanni cikin zafi, kowa zai iya hango amfanin irin wannan gyaɗa.

Me Ya Kawo Yis?

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan yis ɗin alkubus da fanke da burodi da wannan zance? Amsar tana cikin lokaci. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Gyaɗa takan yi wata uku zuwa huɗu. Yis kuwa, halitta ce mai ɗaki ɗaya wadda ke rabuwa biyu cikin ƙasa da awa biyu idan ta samu sukari da ɗumi. Duk da ƙanƙantarta, tsarin ɗakinta irin na tsiro da dabba ne, kuma ita ma tana ƙera mai ta adana. A 1996 aka kammala karanta kundin gadonta gaba ɗaya, mai ƙwayoyin gado wajen 6,000, ita ce ta farko a cikin halittu masu irin wannan tsari.

Don haka masana suka mayar da yis ɗakin gwaji mai rai. Idan ana zaton wata ƙwayar gado ta tsiro ita ke yin wani aiki, sai a ciro ta a dasa a cikin yis a ga abin da zai faru. Yis ɗin burodi ba ta iya yin linoleyik da kanta, amma da aka dasa mata FAD2 ta tsiro sai ga linoleyik ta bayyana a jikinta. Hujja ke nan da ba ta bukatar gardama. A shekarar 2000, rukunin Sten Stymne a ƙasar Suwidin suka bayyana wani inzayim mai suna PDAT, wanda ke rataya sarƙa ta uku ta wata hanya daban da ta Kennedy, kuma sun nuna shi a tsiro da yis baki ɗaya. A 2002 aka samar da wata yis da aka cire wa ƙwayoyin gado huɗu, ta yadda ba ta iya adana mai ko kaɗan. Ta zama kamar wofintaccen rumbu: duk man da aka gani a cikinta bayan dashe, an san baƙuwar ƙwayar gado ce ta kawo shi.

Ita ma kaɗanya an kai ta wannan ɗaki. A 2019 masu bincike a jami'ar Chalmers da ke birnin Gothenburg na Suwidin, a rukunin Jens Nielsen, suka buga aikin da suka yi a kan 'ya'yan kaɗanya. Sun zaƙulo wasu ƙwayoyin gadon da ke haɗa manta, suka dasa su cikin yis, suka auna yadda man yis ɗin ya sauya. A 2021 kuma aka buga kundin gadon bishiyar. Dalilin wannan sha'awa a fili yake. Ɓangaren man kaɗe mai tauri ya yi kama da man koko, kuma tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan tsiro guda shida, ciki har da na kaɗe, har kashi 5 cikin 100 na cakulan. Mafi yawan ƙwarar da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma can take tafiya.

Hannun Wa Ke Yin Aikin?

A kowane irin wannan bincike, sunan babban farfesa ne ke fita, amma hannun da ke riƙe kwalba dare da rana galibi na matasa ne: masu neman digiri na uku, da waɗanda suka gama shi ba da jimawa ba. Waɗannan na biyun su ne 'yan boko ke kira fosdok. Misalinsu kamar yaron maƙeri ne da aka yaye. Ya iya ƙira, amma ba shi da uwar maƙera ko zugazugi nasa, ba shi kuma da masu kawo masa aiki. Idan ya samu shekara biyu yana ƙira a wata babbar maƙera, da abinci da ƙarfe a wadace, sai hannunsa ya faɗa, ya san abin da zai shahara a kai. Idan bai samu ba, sai ya koma sayar da gawayi da sunan maƙeri.

Tallafin fosdok shi ne abincin da ƙarfen. Yakan ƙunshi albashi, da kuɗin sinadarai da na tafiya taro, da babban abu guda: sauke wa mutum nauyin koyarwa. Ƙasashen da suka ci gaba a kimiyya sun daɗe da gane haka. Tarayyar Turai tana da tallafin Marie Skłodowska-Curie, na shekara ɗaya zuwa biyu, ga wanda bai wuce shekara takwas yana bincike bayan digirinsa ba. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara huɗu da gama digiri ba. Cibiyar TWAS, wadda Abdus Salam ya jagoranci kafawa a Trieste ta Italiya a 1983, tana tura matasa dakunan bincike na ƙasashe irin su Indiya da Barazil da Maleshiya.

Duk waɗannan alheri ne, amma a dubi ƙa'idar shekarun. A wajenmu, wanda ya gama digiri na uku galibi ya daɗe yana koyarwa, yana da iyali, kuma ranar da ya dawo sashensa aka miƙa masa kwasa-kwasai da jarrabawa da kwamitoci. Mace kuwa, waɗannan shekaru huɗu sukan faɗo daidai lokacin goyo da reno. Kafin mutum ya ɗaga kai, ƙofa ta rufe.

Ni na samu shiga kafin ta rufe. Wata gidauniya ta ba ni wata 12 a wani ɗakin bincike a Turai, a can na koyi dashen ƙwayar gado a cikin yis da auna sarƙoƙin mai. Abin da na yi a wannan shekara ɗaya ya fi abin da na yi a shekaru biyar da suka biyo baya, ba don ƙwaƙwalwata ta sauya ba. Na dawo da nau'o'in yis da aka ba ni kyauta, waɗanda ke bukatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifili domin doguwar ajiya. Wuta ta ɗauke na kwanaki, janareta ba mai, suka mutu. Tallafin nawa ya ƙare ne a filin jirgi, babu ko sisi na komowa gida. A zangon karatu na gaba ina gaban aji mai ɗalibai fiye da 400. Abokan aikina da yawa da suka hango haka ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

An taɓa gwada maganin wannan ciwo. Shirin FLAIR, na haɗin gwiwar ƙungiyar Royal Society ta Ingila da Cibiyar Kimiyya ta Afirka da ke Nairobi, ya ɗauki rukuninsa na farko na matasa 30 a 2019, yana ba su kuɗi mai kauri na shekara biyu domin su yi bincike a cibiyoyin Afirka, ba a waje ba. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta rage kuɗin agajin da take bayarwa daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta, shirin ya tsaya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Tun a Tsarin Legas na 1980 shugabannin Afirka suka sa wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan kimiyya da fasaha, amma har yau mafi yawan ƙasashenmu ba su kai ba.

Abin da Ke Kan Sikeli

Kada a ɗauka kuka nake yi domin malamai. Abin da ke kan sikeli ya fi albashinmu girma. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Cikin shekaru ƙalilan noman baba a Indiya ya durƙushe, mu ma nan marinai da yawa suka koma ga shunin kanti. Aikin da aka yi a kan kaɗanya da yis na ɗakin gwaji ne, bai kai na masana'anta ba, kuma waɗanda suka yi shi ba su yi wa kowa laifi ba. Sai dai tarihin baba ya isa ya hana mu barci. Ranar da tulun yis zai iya fitar da mai irin na kaɗe da arha, matan Alibori da Kebbi da Neja da Kwara ne za su fara ji a jikinsu.

Akwai kuma batun suna. Mungo Park, ɗan Sikotilan da ya bayyana wa Turawa kaɗanya a littafin tafiyarsa na 1799, ya ratsa ƙasar Dandi ta kogi a tafiyarsa ta biyu kafin ajalinsa ya riske shi a Busa a 1806. Shekaru masu yawa sunan bishiyar a littattafan kimiyya Butyrospermum parkii ne, wato an rataya mata sunansa, alhali matan da suka nuna masa man sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a riƙa raba amfanin albarkatun halitta da ƙasashen da aka samo su. Amma ƙasar da ba ta da masu iya karanta kundin gado ba za ta san abin da aka ɗauka ba, balle ta nemi rabonta.

A watan Agusta na 2025 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, domin a riƙa sarrafa ta a gida. Manufa ce mai kyau, sai dai injin matsa mai kaɗai ba zai wadatar ba. Dole a samu wanda zai auna sitiyarik ɗin bishiyoyin Gene ya kwatanta da na Kandi da na Yawuri, ya gano waɗanda suka fi, ya san dalili, ya taimaka a yaɗa su ta hanyar aure, wato haɗa reshen babbar bishiya da ƙaramar, wanda ke rage shekarun jira. An san cewa kaɗanyar Afirka ta Yamma ta fi ta Uganda da Sudan ta Kudu sitiyarik, shi ya sa man can ya fi laushi. Irin wannan bambanci yana nan tsakanin bishiya da bishiya a gona ɗaya, kuma masu tsintar ƙwallo sun san shi da hannu.

Abin da Nake Ganin Ya Dace

Na farko, tallafin fosdok ya zama na gida, da kuɗin gida. Nijeriya tana da asusun TETFund, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin da ake ɗora wa ribar kamfanoni, kuma yana da ɓangaren bincike da na horar da malamai. Abin da nake fata shi ne a ware gurabe na shekara biyu cur, a cikin jami'o'inmu, da sharaɗin a rage wa mai gurbin koyarwa, a kuma ƙidaya shekarun goyo a cire su daga ƙa'idar shekaru.

Na biyu, duk tallafin fita waje ya zo da guzurin komowa. Gidauniyar Humboldt tana ba da tallafin komawa gida na har wata 12, abin koyi ne. Aikin yis ba shi da tsadar da ake zato. A digiri 30 take girma, wato kusan ɗumin ɗakunanmu. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da firji mai aiki da hasken rana da na'urar auna sarƙoƙin mai guda ɗaya da jami'o'i uku za su riƙa amfani da ita tare sun isa a fara.

Na uku, a yi la'akari da cewa kaɗanya ba ta san iyaka ba. Madekali tana tsakiyar jami'o'in Paraku da Doso da Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato, ga cibiyar INRAB ta Benin da INRAN ta Nijar da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da nau'o'in gyaɗar SAMNUT. Ƙasashe uku ne, da harsunan hukuma da ba su jituwa, da iyakar da aka ga yadda ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Gurbin bincike ɗaya da ɗan Paraku da 'yar Sakkwato za su riƙe tare zai yi abin da taron ministoci bai yi ba.

Kammalawa

A nan ne zancen ya iso ƙofar ɗaliban Hausa. Mai binciken da ya yi karatu da Faransanci da wanda ya yi da Ingilishi, idan suka tsaya gaban mai sayar da man kaɗe a Malanbil, da Hausa ko Dandanci za su yi magana. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su sarƙar mai da ɗakin halitta da ƙwayar gado da maƙera, gwaji ne kawai, kuma ku kuka fi ni sanin ƙa'idar ƙirƙirar kalma. Ku auna su, ku gyara, ku kawo waɗanda suka fi. Ku kuma shiga gidajen masu sana'ar mai ku tattaro kalmominsu na kowane mataki, daga tsintar ƙwallo zuwa tunkuza, kafin injin niƙa ya shafe su, domin a cikinsu akwai ilimin da ba a rubuta ba. Duk wanda zai nemi tallafin bincike a kan man ƙasar nan, ya sa ɗalibin harshe a cikin lissafinsa tun daga farko, don sakamakon ya koma ga masu shi da harshen da za su iya yi masa gardama.